Tukuici Ba Albashi Ba Ne

A wannan fitowa za mu leƙa Amurka, domin taƙaddamar da ake yi can ta yi kama da halin da 'ya'yanmu ke ciki a nan kudu.

A dokar tarayyar Amurka, mafi ƙarancin albashi dala 7.25 ne a kowace awa tun 2009. Amma mai kai abinci kan tebur, dala 2.13 kacal doka ta wajabta a biya shi, kuma adadin bai motsa ba tun 1991. Hujjar ita ce wai masu cin abinci za su ba shi tukuici. Doka ta ce in tukuicin bai cike giɓin ba, maigida ya cika. To, wane yaro ne zai tsare maigidansa da lissafi alhali yana tsoron kora? Yarinyar da kuɗin hayarta ke aljihun baƙo kuwa, dole ta haɗiye wulaƙancinsa tana murmushi.

Masu gidajen abinci na cewa in aka soke wannan tsari farashi zai tashi, kuma da wannan tsoro jama'ar Massachusetts suka ƙi sauya shi a ƙuri'ar 2024. Amma jihohi bakwai, ciki har da California da Minnesota da Nevada, cikakken albashi suke biya, tukuici ya zo a kai, kuma gidajen abincinsu na nan a buɗe. Mu dai muna tare da masu neman a soke shi. Tukuici kyauta ce tsakanin baƙo da yaro, ba ta sauke wa maigida nauyin da ke wuyansa.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashin Nijeriya naira 70,000 a wata, amma dokar 2019 ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho. A irin waɗannan wurare yaranmu suka fi yawa: teburin mai suya, shagon mai shayi, wurin wankin mota. Sau nawa aka ce wa yaro abin da kwastoma ya miƙo masa shi ne rabonsa?

Don haka muna kira ga iyaye, kada ku miƙa yaro aiki sai an yanka masa albashi gaban shaidu, an rubuta. Wanda bai iya karatu ba ya kawo takardar ofishin ƙungiya a karanta masa. 'Yan kasuwarmu kuma mu fara da kanmu, addini ya hore mu da biyan ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Muna kuma roƙon ƙungiyar ƙwadago ta NLC da Majalisar Tarayya su sake duba wannan adadi na 25. Dama daga 50 aka sauko da shi, ana iya ƙara saukowa.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna, amin.

Sakataren Ƙungiya