Gumin Yara A Cikin Wayar Hannunmu

Ya 'yan'uwa Musulmi, mai sayen waya a kasuwar Birnin Kudu ko Gwaram yakan tambayi kuɗinta da ƙarfin batirinta, amma ba ya tambayar hannun da ya haƙo ma'adinan da aka ƙera batirin da su.

Daga cikin ma'adinan nan akwai kobalt da litiyam. Kimanin kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Kongo yake fitowa. Hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa a 2014 yara kusan 40,000 ne ke aiki a mahaƙan kudancin ƙasar.

Kada mu zaci abin yana nesa da mu. A 2024 'yan jarida sun tarar da ƙananan yara suna aikin dutsen litiyam a jihar Nasarawa. A Zamfara kuwa, a 2010, gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa cikin gidaje ta hallaka yara fiye da 400.

Lalle kamfanin da ya ci riba da gumin yaro yana da alhaki, haka dillalin da ya saya da arha. To, uban da ya cire ɗansa daga makaranta ya tura shi rami fa? Talauci gaskiya ne, amma ɗa amana ce wadda za a tambaye mu a kanta ranar Alƙiyama.

Jihar Jigawa ta kafa dokar kare yara a 2021. Wajibi ne malamai su wayar da kan iyaye, hukuma ta zartar da dokar, mawadata su ɗauki nauyin karatun 'ya'yan talakawa. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.