Martani: Tsagar Kunne Ba Ta Wadatar Ba

Malam, ka rubuta cewa maƙala wa tumaki da awaki alamar lantarki almubazzaranci ne, wai tsagar kunne ta gado ta wadatar. Ban yarda ba. Tsaga mai dabba kawai take nunawa, ba ta faɗin rigakafin da aka yi mata ko garken da ta cuɗanya da shi. Ga misali, a Oktoban 2019 zazzaɓin Rift Valley ya sa Saudiyya ta dakatar da shigo da dabbobin Sudan gaba ɗaya, har lafiyayyun ragunan kasuwar Muwailih ta Omdurman, kuma makiyayin Kordofan ne ya kwana ciki. Maganar tsadar alamar lantarki gaskiya ce. To, 'yan kasuwar Khartoum masu lodi a tashar jiragen ruwa ta Suwakin su biya, su ke kwasar ribar.