AMANAR 'YAR'UWA A KUJERAR BAYAN TASI

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan wata mun ga ya wajaba mu ɗauko wata mas'ala wadda da yawa daga cikinmu suke ɗauka ƙarama ce, alhali kuwa tana taɓa mutuncin 'ya'yanmu da ƙannenmu da matanmu waɗanda neman ilmi ko zaman aure ya kai su ƙasashen ƙetare. Wannan mas'ala ita ce halin da mace Musulma take samun kanta a ciki duk lokacin da larura ta sa ta shiga motar tasi ita kaɗai, a garin da ba ta da uba ba ta da wa, ko a Landan ne, ko Alƙahira, ko Jidda, ko Kuwala Lumfur.

Wanda bai zauna a can ba, ba zai gane girman larurar ba. A gida mace tana da ƙane ko ɗan maƙwabta da zai raka ta. A can kuwa miji yana wurin aiki ko ɗakin karatu, yaro ya kwana da zazzaɓi, asibiti da nisa, ga sanyin hunturu, rana kuma ta faɗi tun wajen ƙarfe huɗu. Ɗalibar likitanci ta tashi daga aikin dare, jirgin ƙasa ya daina zirga-zirga. To, ina za ta sa kanta?

Abin da 'yan'uwa mata mazauna can suke ba da labari iri uku ne. Akwai direba na ƙwarai, kuma adalci ne mu fara da shi. Da yawa daga direbobin tasi a biranen Ingila da Amurka Musulmi ne 'yan asalin Pakistan da Bangaladash da Somaliya, kuma a cikinsu akwai wanda da ya ga hijabi zai yi sallama, ya rage sautin rediyo, ya kai ta har ƙofar gida, ya tsaya sai ya ga ta shiga. A cikin waɗanda ba Musulmi ba ma akwai masu irin wannan hali. Akwai kuma wanda ƙyamar hijabi ce a ransa: ko ya wuce ta a bakin titi, ko ya ɗauke ta ya yi ta jifan ta da tambayoyin raini game da addininta. Na uku shi ne ya fi ba mu takaici, domin namu ne. Shi ne wanda yake mayar da sallama tsani: daga wace ƙasa kike, kina da aure, ina mijinki, ba ni lambar wayarki. Idonsa rabi a titi, rabi a madubi. Wani ma ya ɓige da yi mata wa'azi a kan fita ba muharrami, bai lura cewa shi ne ajnabin da ake tsare ta daga gare shi ba.

Kada wani ya ce muna kambama abu ne. A shekarar 2009 kotu a Landan ta ɗaure wani direban baƙar tasi mai lasisi, John Worboys, wanda ya riƙa ba fasinjojinsa mata abin sha da ya zuba wa maganin gusar da hankali sannan ya ci zarafinsu. A ƙarshen 2019 kamfanin Uber da kansa ya fitar da rahoto cewa a shekarun 2017 da 2018 an kai masa ƙorafin cin zarafi ta fuskar lalata har 5,981 a Amurka kaɗai, daga fasinjoji da kuma direbobi. Lasisi da manhajar waya suna rage haɗari, amma ba su maye gurbin tsoron Allah ba.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Ya inganta a Bukhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Abbas, cewa Annabi (SAW) ya hana namiji kaɗaita da mace ba tare da muharraminta ba. A kan haka ne manyan malamai irin su Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin suka tafi a kan cewa zaman mace ita kaɗai da direba kaɗaitawa ce, amma idan akwai mutum na uku amintacce, mace ko namiji, kuma tafiyar cikin gari ce, to haramcin ya kau. Wasu malaman kuma suna ganin mota mai gilashi a buɗe, a titin da ke cike da jama'a, ba ta cika sharaɗin kaɗaitawa ba. Mu abin da muka fi natsuwa da shi shi ne a guje wa abin iyakar iko, a kuma san cewa larura tana da hukuncinta, ana kuma auna ta gwargwadonta.

Sai dai muna tunatar da masu saurin ɗora wa mace laifi cewa a Suratun Nur, aya ta 30 da ta umurci maza su runtse idanu ita ce ta gabaci aya ta 31 da ta umurci mata. Littattafan tarihin Annabi sun kawo hijirar Ummu Salama (RA), yadda ta fito daga Makka ita da ɗanta ƙarami, Usmanu ɗan Ɗalha ya gamu da ita a Tan'im, ya kama akalar raƙuminta har Ƙuba. Duk inda suka yada zango sai ya durƙusar da raƙumin ya ja da baya har ta sauka, in za a tashi ya sake yin haka. Da ya ga ta isa, ya juya Makka. A lokacin bai ma musulunta ba, amma ta rayu tana yabon mutuncinsa. In wanda bai yi kalmar shahada ba ya iya wannan, mene ne uzurin mai tasbaha rataye a madubi? A 2007 duniya ta ji labarin direbobi Musulmi a filin jirgin saman Miniyafolis da suka yarda a hukunta su a kan su ɗauki fasinja mai ɗauke da giya. Muna son mu ga irin wannan tsantseni a wajen tsare ido da harshe daga 'yar'uwa Musulma.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne a daina barin mata su fita karatu. Ba mu tare da su. Mu ne muke kuka kullum cewa matanmu suna haihuwa a hannun likitoci maza. Ta ina likita mace za ta fito in an rufe ƙofa? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga masu barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilmi ya kai ga matan ƙauye. Ba a ƙona rumbu domin ɓera.

Magani shi ne tsari, kuma an gwada an gani. Dubai ta fito da tasi na mata, mata ke tuƙawa, tun 2007. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira suna da taragon mata. Saudiyya ta ba mata izinin tuƙi daga 24 ga Yunin 2018, abin da ya sauƙaƙa wa da yawa zama da direba ajnabi. Mu ma a Kano, a 2005, an shigo da kekunan A Daidaita Sahu ne domin raba mata da hawan acaɓa.

Saboda haka muna kira ga masallatai da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi a ƙetare su tanadi sunayen direbobi amintattu, su kuma ƙarfafa matan da ke da lasisi su riƙa ɗaukar 'yan'uwansu. Muna kira ga mazaje da iyaye: wanda ya kai mace wata ƙasa, to sufurinta yana cikin nauyin da ke wuyansa, kamar ci da sha. Ke kuma 'yar'uwa, ki nemi abokiyar tafiya in da hali, ki zauna a baya, ki duba lambar mota kafin ki shiga, ki aika wa wani naki, kada ki karɓi abin ci ko sha, ki taƙaita magana. In an keta miki haddi ki kai ƙara ga hukuma, domin shirunki tarko ne ga wadda za ta shiga bayanki. Kai kuma ɗan'uwa direba, ka sani wadda ke bayanka amana ce, kuma za a tambaye ka.

Allah Ya tsare mana mutuncinmu a gida da daji, Ya sa mu dace.