Ɗan Kwikwiyo a Tsakar Gida: Wa Zai Koya Masa?

Batunmu na wannan mako ya shafi abin da ya fara yawa a zangunanmu, daga nan Sotouboua har Sokode da Dapaong. Mutum ya sauka Lome sarin kaya, ya ga ɗan kwikwiyo mai gashi buzu-buzu, irin ƙananan nan da ba sa girma, ya sayo wa yara ko don ya riƙa haushi in baƙo ya taɓa ƙofa. Kwana biyu ya ɗaure kaya ya kama hanyar Cinkassé, ya bar uwargida da kwasar kashi a bakin madafa da wanke tabarmar salla. Daga nan rigima ta tashi, ƙarshenta a kori karen ko a yi ta dukansa. To, kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Malamanmu na Malikiyya ba sa ɗaukar jikin kare mai rai a matsayin najasa, sai dai in ya sa baki a ƙwaryar ruwa a zubar, a wanke ta sau 7. An yarda da ajiye shi don farauta, kiwo da tsaron gona, kuma ana ba da labarin mai littafin Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, cewa shi ma ya ajiye kare a gidansa don gadi. Amma kashinsa da fitsarinsa najasa ne, ba jayayya. Shi ya sa horon nan ya zama dole a gidan da ake salla.

Abu na farko, zaɓi wuri ɗaya tak. Can ƙuryar gida, nesa da rijiya, nesa da madafa, nesa da inda yara ke wasa. Zuba yashi a wurin. Kullum nan za a kai shi, kada yau nan gobe can.

Na biyu, lokaci. Marar ƙaramin kare ƙarama ce. Masu kiwonsu kan ƙiyasta cewa kwikwiyo yana riƙe fitsari kamar awa 1 a kowane wata na haihuwarsa, wato ɗan wata 3 kada ya wuce awa 3. A fitar da shi da zarar ya farka, da bayan ya ci abinci, da bayan wasa, da kafin a kwanta. Mu dai muna da agogon da ba ya kuskure: kiran salla. Asuba, azahar, la'asar, magariba, isha'i, sai a ƙara wasu fitar a tsakani, musamman da hantsi. A ba shi abinci a lokaci ƙayyadadde, sau 3 a rana. Wanda ake watsa wa ragowar tuwo ko yaushe, cikinsa ba zai san ƙa'ida ba.

In ka ga yana shinshina ƙasa yana zagaye, ɗauke shi maza. In ya yi a wurinsa, yaba masa nan take, ka ba shi ɗan guntun nama. In ya ɓata ɗaki ba ka gani ba, kada ka dake shi, kada ka goga masa hanci a kai. Bai san laifin me ake hukunta shi ba, abin da zai koya kawai shi ne ya ɓuya bayan buhunan masara ya yi. Wanke wurin sosai da sabulu har warin ya ɓace, don warin ne ke dawo da shi. Da dare a kwantar da shi a ɗan keji daidai jikinsa a zaure, kare ba ya son ɓata makwancinsa.

Sai maganar lafiya, wadda ta fi duk wannan nauyi. Kashin kwikwiyo na ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ke kama yara masu rarrafe, saboda haka a kwashe kullum a binne. In ya kai wata 3 a kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa allurar ciwon haukar kare, a karɓi katinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da yawansu yara ne. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke da ruwa da sabulu minti 15, a wuce asibiti ranar.

Horon kan ɗauki watanni, ƙananan irin nan ma sun fi jinkiri. Don haka, Alhaji, kafin ka sayo, zauna da uwargida ku yi shawara, a san babban yaron da zai riƙe aikin in ka yi tafiya. In babu mai riƙewa, bar shi a Lome ka sayo kwaɗo mai kyau.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa.