A daina raina ɗorawa da kaɗanya

Duk damina sai an sake jin zance ɗaya a bakin masu kamfen ɗin dashen itatuwa: itace dai itace ne, a samo mai saurin girma a dasa. Wanda ya tsaya wajen masu sayar da dashe a bakin titi tsakanin Kawo da Mando zai ga inda wannan ra'ayi ya kai mu. Turare ne, da dogayen itatuwan adon nan na Indiya da ko akuya ba ta samun inuwa a gindinsu. Ɗorawa kuwa, sai an sha yawo kafin a samu.

Wannan kuskure ne, kuma an riga an ga irin ɓarnarsa. A 1906 Turawa suka kawo wani nau'in kwakwar ruwa mai suna nipa daga Singafo zuwa Kalaba domin kare gaɓar teku daga zaizaya. Yau ta mamaye gaɓar, tana korar itatuwan bakin ruwa na asali, waɗanda kifi ke hayayyafa a cikin saiwoyinsu, masunta kuma su ke ɗanɗana kuɗarta.

Mutumin Kawo ba ya buƙatar zuwa Kalaba. Dajin Afaka na nan kusa, inda aka jera turaren Ostareliya sahu-sahu. Yana ba da azara da itacen girki, ba a musu. Amma yana zuƙe ruwan ƙasa, dabba ba ta cin ganyensa, ciyawa ma da ƙyar take tsira a ƙarƙashinsa. Ɗorawa ita ke ba da kalwar daddawan da ake sayarwa a kasuwar Kawo, kaɗanya ta ba da man kaɗe, gawo ya zubar da ganye da damina ya zama taki a gona.

Za a ce ai dogon yaro ma baƙo ne, daga Indiya ya fito, ya shigo Borno a 1928. Gaskiya ne, ya kuma yi rana. Sai dai dacewar baƙo ɗaya ba hujja ba ce ta buɗe ƙofa ga kowa.

Manoman Maraɗi tun wajen 1983 suka koma sassabin zamani, wato rainon kututturen da ke tohowa a gona. Hekta kusan miliyan 5 manoma suka farfaɗo a Nijar ba tare da baƙon iri ba. Ya kamata Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kaduna ta fara cika gandun rainonta da ɗorawa, tsamiya da maɗaci, ta kuma riƙa ƙirga waɗanda suka rayu bayan rani uku.