Fetur mai lamba 98: wace mota ce take bukatarsa?

Tun da bidiyon motocin tsere ya cika wayoyin samarinmu, wata gardama ta shigo fada ta samu wurin zama. Wasu suna cewa fetur mai lamba 98 da ake sayarwa a Turai ya fi kowane mai ƙarfi, duk motar da aka zuba wa shi sai ta ƙara gudu. Wasu kuma suna cewa dabara ce kawai ta ƴan kasuwa don su cinye kuɗin mutane. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Ni dai ra'ayina shi ne: mai tsadan nan ya cancanci kuɗinsa a motar da aka ƙera dominsa, a sauran motoci kuwa asara ce. Maganar ta shafe mu, malamai da iyaye, domin galibin motocin da muke saye na hannu ne daga Turai da Amurka, kuma kowace tana zuwa da lambarta a rubuce, ba safai muke karantawa ba.

Mu fara da lambar kanta. A cikin injin fetur, fistan yana matse iska da mai wuri ɗaya, sannan buji ya ba da tartsatsi a daidai lokacin da aka tsara. In matsi da zafi suka yi yawa, wani sashe na man yakan fashe da kansa kafin wutar buji ta iso gare shi. Shi ne ƙarar nan da ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani idan mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu. Makanikai suna kiranta ƙwanƙwasa, kuma in ta daɗe tana cin kan fistan. Lambar oktan tana auna juriyar mai ne a kan wannan fashewa. An ɗauki sinadarai biyu aka yi ma'auni da su: iso-oktan mai juriya aka ba shi 100, heptan mai saurin fashewa aka ba shi sifili. Man da aka ce 95 ne, juriyarsa daidai take da ta haɗin kashi 95 na farkon da kashi 5 na biyun.

Ke nan lambar ba ta cewa komai game da yawan ƙarfin da ke cikin lita. Ga hujja mai sauƙi da ɗan aji uku na kolej zai gane: gazuwal ya fi fetur ƙarfi a kowace lita, amma oktan ɗinsa ƙasa yake ƙwarai. Etanol kuwa lambarsa ta haura 100, amma ƙarfinsa bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na fetur ba. Wanda ya zuba 98 a motar da 91 ya ishe ta, ya sayi juriyar da injinsa ba zai taɓa nema ba.

To wace mota ce take nema? Motar da aka ƙera don gudu. Masu ƙera irin su Porsche 911 suna ƙara matsi, su sa turbo mai cusa iska da yawa, don su fitar da ƙarfi mai yawa daga inji ɗaya. Irin wannan inji kullum yana bakin iyakar ƙwanƙwasa, shi ya sa littafinsa yake cewa a ba shi 98. In aka ba shi mai ƙasa da haka, akwai wata na'ura a jikin injin da take sauraren ƙarar. Da ta ji, kwamfutar mota sai ta jinkirta tartsatsin buji. Injin ya tsira, amma ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, zafi ya hau. Akwai kuma iyakar da kwamfutar ba za ta iya wucewa ba. Mutum ya kashe miliyoyi ya sayi motar gudu, sannan ya yi rowar ƴan daloli a kan lita, wannan ba tattali ba ne. A nan masu cewa dabarar ƴan kasuwa ce sun yi kuskure.

A sauran motoci kuwa gaskiya tana wajensu. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada abin a 2016. Ta zuba mai tsada a motocin da aka ƙera don mai na yau da kullum, ba ta ga ƙarin ƙarfi ko ragin shan mai na a zo a gani ba. Ta ƙiyasta cewa direbobin Amurka sun zubar da fiye da dalar Amurka biliyan 2 cikin shekara ɗaya a kan haka. A 2017 ta koma kan motocin da littafinsu ya ba da shawarar mai tsada ba tare da ya wajabta ba. Ragin shan mai da aka samu, a matsakaici, kashi 2.7 cikin ɗari ne, ƙarin ƙarfi kuma kashi 1.4, alhali bambancin farashi ya kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari.

Malamin lissafi zai iya mai da wannan aikin allo. A ce magidanci yana sayen man jikka 50 a wata. In ya koma mai tsada da kashi 20 cikin ɗari, kuɗin ya zama jikka 60. A cire masa ragin kashi 2.7, ya rage jikka 58 da ɗoriya. Ya ƙara fiye da jikka 8 ke nan kowane wata, wajen jikka 100 a shekara. Duk uban da ya taɓa sayen kayan makarantar yara uku a watan Oktoba ya san abin da wannan kuɗi yake yi.

Akwai wani tarko da ya kamata mai sayen mota ya sani: lambar Amurka da ta Turai ba ma'auninsu ɗaya ba. A Faransa ana sayar da SP95 da SP98, kuma lambar tasu ita ce ake kira RON. A Amurka ana haɗa gwaji biyu a raba biyu, shi ya sa famfunansu suke nuna 87 da 89 da 91 ko 93. Lamba 87 ta Amurka kusan daidai take da 91 ta Turai, 93 ta Amurka kuma kusan 98 ce. Corolla da aka ƙera don kasuwar Amurka 87 take nema. Motar Amurka da aka rubuta mata 91 kuwa, a ma'aunin Turai kusan 95 take nufi, don haka kada wani ya ga 91 ya ce ai ƙaramar lamba ce.

Mu dawo gida. Tun 2011 muke da matatar SORAZ a Damagaram, mai iya tace ganga 20,000 a rana daga man Agadem. A gidajen manmu, daga Yamai har Tawa da Maraɗi, akasari fetur iri ɗaya ne a famfo. Zaɓin da Bafaranshe yake yi a gidan mai, mu tun wurin sayen mota muke yin sa. Ga kuma yanayinmu: iska mai zafi tana ƙara wa inji saurin ƙwanƙwasa, kuma a bazara zafi yakan wuce digiri 40. Injin da ya jure ƙaramin mai a sanyin Jamus zai iya kasawa a hanyar Konni cikin watan Afrilu. Wanda ya shigo da motar da ta wajabta 98 alhali babu inda zai same shi, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƴan kwalaben ƙarin oktan da ake tallatawa kuwa, yawancinsu ɗan kaɗan suke ɗaga lambar a cikakken tanki, ba za su mai da 91 ya zama 98 ba.

Abin da ya fi cutar injunanmu ma ya girmi maganar lamba. Man ruwa-ruwa da ya wuni a kwalba cikin rana, sassansa masu sauƙi sun tashi, ƙura ta shiga, wani lokacin har da gauraye, shi ne yake toshe matatar mai da allurai. Tsabtataccen mai mai ƙaramar lamba, a motar da ta dace da shi, ya fi kowane suna da aka liƙa wa jarka. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Tarihin wannan lamba yana ɗauke da darasi ga iyaye. A 1921 Thomas Midgley, ma'aikacin General Motors, ya gano cewa wani sinadarin dalma yana hana ƙwanƙwasa da araha. Shekaru da dama aka yi ana zuba shi a fetur, hayaƙinsa yana shiga jinin yara yana rage musu kaifin ƙwaƙwalwa. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina a farkon 2006, Aljeriya maƙwabciyarmu ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Saboda haka kada mu yarda a zuba wa tanki wani abu da ba mu san abin da ke ciki ba, don kawai an ce yana ƙara oktan. Hayaƙin a bakin ƙofar makaranta yake sauka.

Shawarata ga mai niyyar sayen mota: kafin ka biya, buɗe murfin tanki ka karanta takardar da ke ciki, ka duba littafin motar. In an wajabta babbar lamba, ka tabbata za ka same ta, in ba haka ba ka nemi wata mota. In shawara ce kawai aka bayar, ka yi lissafi. In ba a nema ba, ka bar kuɗinka a aljihu. Hukumomin da ke kula da mai kuma ya kamata su tilasta a rubuta lambar oktan ɓaro-ɓaro a jikin kowane famfo, domin mai saye yana da haƙƙin sanin abin da ya biya. Mu malamai namu ya fi sauƙi: a darasin kimiyya na gaba, mu sa kowane ɗalibi ya kwafo abin da aka rubuta a murfin tankin wata mota ta unguwarsu, mu zauna da su a aji mu fassara lambobin.