Suna a Kamarawa, Jinya a Isa

Kwanakin baya na zauna da wani ma'aikacin jinya a wata cibiyar lafiya da ke gabashin Sakkwato. Da na tambaye shi yadda suke fama da 'yan gudun hijira, sai ya jawo littafin rajista ya buɗe mini. Ya ce, "Malam, dubi nan. Wannan baiwar Allah daga Kamarawa ta gudo, a hannunmu ta haihu. Tana da katin inshora, amma sunanta na rajistar wata cibiyar, can kuɗinta ke zuwa. Safar hannu da ledar ƙarin ruwa duk mijinta ya sayo, da kuɗin aro."

Domin mai karatu ya gane inda gizo ke saƙar, ya kamata ya san hanyoyi biyu da inshorar lafiya ke biyan asibiti a ƙasar nan. Ta farko ita ce biya bisa yawan sunaye: kowane wata ana ba ƙaramin asibiti wani adadi a kan duk mutumin da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba. A tsarin Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa an shafe shekaru ana biyan naira 750 a kan mutum ɗaya, sai a 2025 aka ɗaga zuwa naira 1,450. Ta biyu ita ce biya bisa aikin da aka yi, kamar tiyata a babban asibiti: a nemi lambar izini, a yi aikin, a aika takardar neman biya, sannan a jira. Talakan karkara kuwa ta asusun kula da lafiya a matakin farko yake shiga, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya. A Sakkwato, hukumar SOCHEMA ce ke riƙe da ɓangaren inshorarsa.

Hanyar farko tana da hikima. Cibiya ta san abin da zai shigo mata, ta tanadi magani tun kafin damina ta kawo zazzaɓi. Sai dai an gina ta ne a kan zaton mutum zai ci gaba da zama inda aka rubuta sunansa. A ƙasar Gobir ta yau wannan zato ya rushe. 'Yan bindiga sun tayar da ƙauyuka, jama'a sun kwarara garin Isa da Sabon Birni da birnin Sakkwato, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. Cibiyar da ta karɓe su aikinta ya ninka, kuɗinta yana nan yadda yake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, duk da cewa a nan gardin ma takarda ce kawai.

Hanya ta biyu ma tana da nata ƙulli. Lambar izini sai da waya, alhali ba mu manta da watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni. Mai naƙudar da ta tsaya ba za ta iya jiran sabis ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu ganin ƙarshen jinkirin biya. A 2006 gwamnatinsu ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, bisa alkawarin za ta riƙa mayar wa asibitoci kuɗinsu. Biyan ya riƙa makara watanni, wani lokaci shekaru, ɗakunan magani suka bushe, iyaye suka koma sayowa a waje. Suna kyauta, aljihu na zuba.

Shawarata ga mahukunta guda huɗu ce. A sauƙaƙa wa ɗan gudun hijira mayar da rajistarsa cibiyar da ya samu kansa, kuɗin ya bi shi tun daga wata mai zuwa. A yarda a fara ceton rai a lokacin gaggawa, izini ya biyo baya. A sa wa'adin biyan takardun asibitoci, a kuma liƙa abin da kowace cibiya ta karɓa a bangonta, kwamitin gunduma ya gani. Sannan a ƙara wani abu a kan kason cibiyoyin da ke yankunan haɗari, domin ma'aikacin da ke kwana a Gatawa ko Bafarawa ba nauyinsa ɗaya da na cikin birni ba.

Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Wanda aka wajabta wa riƙe kati yana da haƙƙin katin ya yi masa amfani a duk inda gudun tsira ya ajiye shi. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya mayar da mutanen Kamarawa gidajensu.